Neman Sahun Gaba a Injin Bincike: Aiki Ne ko Tsibbu?

Akwai wata magana da na ga ya kamata mu tattauna a wannan mujalla tamu, ko da ya ke wasu za su ce ba ta shafe su ba, tun da ba ilmin kwamfuta suka zo karantawa jami'a ba. Maganar kuwa ita ce ta yadda shafin intanet ke samun shiga sahun gaba idan mutum ya rubuta tambaya a injin bincike. A ganina ta shafi kowa, daga ɗalibin Hausa har na aikin likita, kuma ta fi shafar yayyenmu da suka gama suka kama aikin gwamnati, domin yau da wuya ka sami ma'aikata ko hukuma ko makaranta wadda ba ta da shafi, kuma sau da yawa sabon ma'aikaci a ke danƙa wa kula da shi, a kan cewa shi ne yaro, shi ya san waɗannan abubuwa na zamani.

Duk wanda ya taɓa neman gurbin karatu, ko tallafin karatu, ko aiki, ya san yadda abin ya ke. Mutum ya ɗauki waya ya rubuta sunan hukumar da ya ke nema, sai jerin shafuka ya fito, ya taɓa na farko ko na biyu, domin ba kowa ke da haƙuri ko kuɗin data na bin jerin har ƙasa ba. In an yi sa'a shafin hukumar ne, madalla. In kuwa na wani ɗan damfara ne da ya kwaikwayi tambarin hukumar, ya ce a biya kuɗin fom ta wani asusu, to kuɗin da uba ya sayar da akuya ya haɗa sun tafi ke nan. Hukumominmu ba sa gajiya da fitar da sanarwar cewa jama'a su yi hattara da shafukan ƙarya na ɗaukar aiki, amma kaɗan ne daga cikinsu ke tambayar kansu dalilin da ya sa ɓarawo ya sha gaban mai gida. Dalilin kuwa a fili ya ke: ɓarawon ya zauna ya koyi yadda injin ke aiki, mai gida kuwa ya buɗe shafi ranar da babban baƙo ya zo yanke ƙyalle, bai sake waiwayarsa ba.

To, yaya injin ke aiki? Aikinsa kashi uku ne. Da farko yana da wasu manhajoji da a ke yi wa laƙabi da gizo-gizo, waɗanda ke yawo dare da rana daga wannan shafi zuwa wancan, suna bin mahaɗai, watau kalmomin nan da in an taɓa su sai su kai mutum wani shafi. Sa'an nan abin da suka gani a zuba shi cikin wata ƙatuwar fihirisa, irin wadda a ke samu a bayan littafi, sai dai ita wannan ta biliyoyin shafuka ce. Na uku shi ne jerawa: idan tambaya ta zo, injin ya duba fihirisa, ya tsamo shafukan da suka dace, ya yanke wanda zai sa gaba da wanda zai sa baya. Shafin da gizo-gizo bai kai gare shi ba, ko ya kai bai gane abin da ke ciki ba, bai ma shiga masallacin ba balle a yi maganar sahu. Duk fafutukar gyara shafi domin ya dace da waɗannan matakai uku ita ce sana'ar da masu yin ta ke kira SEO.

A kan jerawar nan rikicin duka ya ke. Injunan farko, irin su AltaVista da ya fito a 1995, sun dogara ƙwarai ga ƙidayar kalmomi, shafin da ya fi maimaita kalmar da a ke nema shi ne gaba. Ba a daɗe ba masu wayo suka gano lagon, suka riƙa cusa kalma ɗaya sau ɗari a ƙasan shafi, wani lokaci da farin rubutu a kan farar shimfiɗa yadda ido ba zai gani ba amma inji zai ƙidaya. Sai wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka zo da wata dabara da suka kira PageRank, kuma a kanta suka kafa kamfanin Google a 1998. Dabarar ita ce a rage sauraron abin da shafi ke faɗa game da kansa, a koma ga abin da wasu ke faɗa game da shi. Duk mahaɗin da wani shafi ya yi zuwa naka tamkar shaida ce ya ba ka. Kuma shaidu ba ɗaya su ke ba, shaidar shafin da shi kansa jama'a da yawa suka shaida ta fi nauyi a kan ta wanda ba wanda ya san shi. Ba su ne suka ƙago tushen wannan tunani ba. Tun 1964 Eugene Garfield ya fitar da fihirisar da ke ƙidaya sau nawa masana suka ambaci wata maƙala a cikin nasu rubuce-rubucen, domin a auna darajarta. Mu kuwa da muka tashi muna jin malamai suna tantance masu ruwaya, suna cewa wane amintacce ne, wane kuma ba a karɓar maganarsa, wannan tunani ba baƙo ba ne gare mu ko kusa.

Amma inda a ke karɓar shaida, nan a ke samun shaidar zur. Nan da nan kasuwar sayar da mahaɗai ta buɗe, aka riƙa gina dubban shafuka marasa komai a ciki, ba su da aiki sai nuna juna da nuna wanda ya biya. A 2003 wasu masu adawa da Shugaba George Bush na Amurka suka haɗa baki suka yi ta liƙa mahaɗai, har ya zama in ka rubuta wasu kalmomi biyu na Turanci masu ma'anar mummunar gazawa, tarihin rayuwarsa na shafin fadar shugaban ƙasa ne ke fitowa a farko, kuma sai a 2007 Google ya toshe wannan kafa. Kada kuma a ɗauka ƙananan 'yan damfara kaɗai ke irin wannan. A watan Fabrairu na 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga fihirisarsa ɗungurungum, saboda an same shi yana nuna wa inji wani abu, yana nuna wa mutum wani abu dabam, sai da ya gyara aka mayar da shi. A 2011 jaridar New York Times ta tona yadda babban kantin nan na Amurka, J.C. Penney, ya mamaye sahun farko a kan kayayyaki barkatai ta hanyar dubban mahaɗan haya. Kantin ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya sallami kamfanin da ke yi masa aikin, amma duk da haka a wasu kalmomin ya gangaro daga na 1 zuwa wajen na 70. A wannan shekara Google ya fito da gyaran da aka kira Panda, wanda ya taɓa kusan kashi 12 cikin 100 na tambayoyin da a ke yi a Amurka, domin ya danne shafukan da ke tara rubutun shara. A 2012 kuma Penguin ya biyo baya domin maganin masu sayen mahaɗai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda ya biya kuɗin haƙa shi ke faɗawa ciki, dillalin ya riga ya karɓi la'adarsa ya ƙara gaba.

Na kawo wannan tarihi ne saboda dillalan sun iso garuruwanmu. Za ka ga saurayi da jaka da ƙaramar kwamfuta ya shiga ofis, ya ce in an ba shi kaza zai kai shafin ma'aikata lamba ɗaya cikin mako biyu, yana da wani sirri da ba kowa ya sani ba. Maigida kuwa da bai san kan abin ba sai ya sa hannu. Wannan ba ya da bambanci da mai tsibbun da ke sayar wa ɗalibi layar cin jarrabawa. Shi kansa Google ya faɗa a fili cikin jagororinsa cewa ba wanda zai iya lamunce wa wani matsayi na ɗaya, kuma a yi hattara da mai yin wannan alkawari. Abin da kuɗi ke saye kai tsaye shi ne talla, wadda kamfanin ya fara sayarwa a shekarar 2000 da sunan AdWords, kuma ita a kan sa mata alamar cewa biya aka yi, ranar da kuɗi suka ƙare ta ɓace. Ba na cewa duk mai wannan sana'a maƙaryaci ne. Akwai masu yin ta tsakani da Allah, alamarsu kuwa ita ce za su bayyana maka duk abin da za su yi, kuma mafi yawansa aiki ne mai gajiyarwa da ba ya da wani asiri.

Aikin ya fara ne daga sanin tambayar da mutane ke yi. Ma'aikaci ya saba da harshen fayil, sai ya sa wa shafi take da lambar takarda da sunan sashe, alhali kuwa mai nema ba haka ya ke rubutawa ba. Shi abin da ya ke so ya sani shi ne yaushe za a fara sayar da fom, nawa ne, ina a ke biya, yaushe za a rufe. In taken shafi da sakin layinsa na farko suka amsa waɗannan da irin kalmomin da shi mai tambaya ke amfani da su, an yi rabin aiki. Kowace magana kuma a ba ta shafinta da takenta, kada a cusa batun ɗaukar ɗalibai da na fansho da jawabin shugaba a wuri ɗaya.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, wadda na ke ganin ita ta fi kowace yi mana ɓarna. Idan sanarwa ta fito, sai a buga ta a takarda, a sa hannu, a buga hatimi, a ɗauki hotonta da waya, wani lokaci a karkace har da inuwar yatsan mai ɗauka, a tura a WhatsApp, shi ke nan an sanar da jama'a. Abin da aka tura a WhatsApp injin bincike ba ya ganinsa ko kaɗan. Hoton da aka ɗora a shafi kuwa, injin ya fi gane rubutu sosai a kansa, makaho mai amfani da manhajar karanta rubutu kuma bai san abin da ke ciki ba. Sai wani ɗan kasuwa can ya kwafe sanarwar da hannu, ya ɗora a nasa shafin, ya kewaye ta da tallace-tallace, ya ƙara abin da ya ga dama, shi ne kuma zai fito a farko, domin shi ne ya ba injin abin da zai iya karantawa. Minti goma na buga rubutun a shafin hukuma, tare da kwanan wata a samansa, ya isa ya hana wannan. Kwanan watan ba ƙaramin abu ba ne, domin sau nawa sanarwar bara ke dawowa tana yawo a matsayin ta bana, mutane su yi asarar kuɗin mota zuwa hedikwata.

Sauran abubuwan na masu fasaha ne, amma ya kamata ma'aikaci ya san sunayensu don ya iya tambaya. Tun 2014 Google ya ce yana fifita shafin da ke da makullin tsaro na HTTPS. Tun 2015 ya fara fifita wanda ke karantuwa a waya, kuma zuwa 2023 ya kammala komawa ga duba shafuka ta fuskar waya tukuna. Wannan ya dace da halinmu, tun da yawancin mutanenmu da waya su ke shiga intanet, kuma shafin da aka cika da manyan hotunan shugabanni har ya ƙi buɗewa a inda sabis ba ya da ƙarfi ya kori mutanen da aka gina shi dominsu. Akwai taswirar shafi da a ke miƙa wa injin don kada ya tsallake wani lungu, akwai kuma wani dandali na kyauta mai suna Search Console inda mai shafi zai ga kalmomin da suka kawo masa baƙi da kurakuran da gizo-gizo ya ci karo da su. Hukuma ta zauna a adireshin da ya ƙare da gov.ng, jami'a a edu.ng, domin jama'a su iya rarrabe gidan gaskiya da na aro. Game da shaidu kuwa, hanyar halal ita ce ka rubuta abin da ɗan jarida da malami da wata hukuma za su ga ya cancanci su nuna wa mutanensu. Wannan yana ɗaukar watanni, ba a kuma fafe gora ranar tafiya, saboda haka wanda ya jira sai mako guda kafin rufe fom ya tuna da shafinsa ya makara.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, watau matsayin harshenmu. Hausa na da masu magana da ita miliyoyi da dama daga Nijeriya da Nijar har Gana da Kamaru da Sudan, tana da jarida tun 1939 da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, BBC kuma ta buɗe sashenta na Hausa tun 1957. Amma gwada rubuta tambaya da Hausa a kan ciwon sikila, ko dokar haya, ko yadda a ke lissafin fansho, ka ga abin da zai fito. In ka cire kafofin labarai da 'yan tsirarun masu himma, da yawa daga abin da za ka tarar fassarar inji ce da ba wanda ya duba ta. Tun da Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, wasu suka sami hanyar juye dubban shafuka cikin dare ɗaya, da Hausar da ko ɗan koyo zai ji kunyarta. Suna samun sahun gaba ne kawai saboda sahun ba kowa. A Turanci mutum na gasa da miliyoyin shafuka, a Hausa kuwa maƙala ɗaya mai kyau a kan wani batu na iya zama ita kaɗai ce a fagen. Wa ya fi mu cancantar rubuta ta? Kowace shekara ɗalibai na rubuta kundayen kammala karatu a kan sana'o'i da magungunan gargajiya da tarihin garuruwa, a ɗaure su da bango mai kauri a jibge a sashe, gara da ƙura su raba. Da za a tsamo taƙaitaccen bayani na shafi biyu daga kowanne, da Hausa mai kyau, a ɗora a shafin jami'a, da an ga canji. Ita ma jami'ar riba za ta ci, domin jadawalin nan na Webometrics da wata cibiyar bincike ta Sifen ta fara fitarwa a 2004, wanda shugabannin jami'o'i ke son ambato in ya yi musu daɗi, ya ɗora babban nauyi a kan yawan shafukan waje da ke nuni zuwa ga na jami'a.

Mai rubutu da Hausa yana da wasu matsaloli nasa na kansa. A wurin kwamfuta k da ƙ haruffa ne biyu mabambanta, haka d da ɗ, da b da ɓ, mutane da yawa kuma ba sa sa ƙugiya in suna rubutu a waya. Ga kuma saɓanin rubutu: wani ya rubuta Nijeriya wani Najeriya, wani ilmi wani ilimi, mu nan muna rubuta 'ya'ya, 'yan'uwanmu na Nijar suna amfani da harafin ƴ. Na ji masu cewa a zubar da ƙugiya gaba ɗaya don a saukaka wa inji. Ban yarda ba. Kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, baki da baƙi ba ɗaya ba ne, kuma injunan yanzu daga rubutun da suka tarar su ke koyon harshe, in muka ba su gurguwar Hausa ita za su dawo mana da ita, su koya wa ƙannenmu. A rubuta daidai, a tsaya kan ƙa'ida ɗaya a cikin shafi. Haka kuma kada a cakuɗa Hausa da Turanci layi bayan layi a shafi guda, domin Google ya ce daga rubutun da ke bayyane ya ke gane harshen shafi, ya kuma ba da shawarar kowane harshe ya sami nasa adireshin.

Na san akwai 'yan'uwa, musamman masu ra'ayin gaba-dai gaba-dai, da za su ce duk wannan bautar kamfanin Amurka ce, mu gyara harshenmu da ofisoshinmu domin mu faranta wa wani ɗan jari-hujja da ke zaune a Kalifoniya rai. Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya, ba na kuma raina ta. Kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da a ke yi a duniya ta hannun Google ya ke bi. A watan Agusta na 2024 wani alƙalin kotun tarayya a Amurka, Amit Mehta, ya yanke hukuncin cewa kamfanin ya yi babakere a kasuwar bincike ba bisa doka ba, kuma a wajen shari'ar an ji cewa a 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 domin ya zama shi ne injin da mutum ke tararwa a wayarsa da manhajar shiga intanet ba tare da ya zaɓa ba. Abin mamaki, su Page da Brin da kansu sun yi gargaɗi a maƙalarsu ta 1998 cewa injin da ke rayuwa da kuɗin talla zai karkata ga masu talla. Daga watan Mayu na 2024 kuma Google ya fara ɗora amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman jerin, yadda mai tambaya na iya samun biyan buƙata bai taɓa shafin kowa ba, wanda ya sha wahalar rubutun kuwa ya tashi a tutar babu. Wanda ya gina dukan arzikinsa a kan ƙa'idar da wani ke iya sauyawa cikin dare ɗaya yana zaune ne a gidan haya.

Sai dai in muka ƙaurace wa fagen, kamfanin ba abin da zai rasa. Yaron da ke neman fom ne zai rasa, domin gobe ma wayar zai ɗauka ya yi tambaya, kuma wani zai amsa masa. Ita ma amsar da injin ke haɗawa da kansa daga shafukan da ya tarar ya ke tsamo ta, in na ƙarya ne a gaba, ƙaryar zai maimaita cikin murya mai kama da ta malami. Ban da haka, in aka duba abubuwan da na zayyana, rubutu bayyananne, da kwanan wata, da shafi mai sauƙin buɗewa, da adireshin da a ke iya amincewa da shi, duk haƙƙin jama'a ne a kan hukuma ko da Google ya rufe gobe. Abin da hankali zai ba mu shi ne a yi aikin domin mai karatu, a kuma riƙe sauran hanyoyin isa gare shi, rediyo da allon sanarwa da saƙon waya, kada a saki ko ɗaya.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su fara daga gida. A naɗa ƙaramin kwamiti, mutum biyu daga sashen kwamfuta, biyu daga sashen harsunan Nijeriya, ɗaya daga aikin jarida, su zauna su rubuta tambayoyi 20 da sababbin ɗalibai suka fi yi a makon rajista, su gwada kowace a injin bincike da Hausa da Turanci, su rubuta shafin da ya fito a farko da kuma ko abin da ya faɗa gaskiya ne. Duk tambayar da ba ta da amsa ingantacciya a rubuta mata shafi guda kafin zangon karatu mai zuwa, a kai wa magatakardan jami'a ya duba ya amince, sa'an nan a buga sakamakon gwajin a fitowa ta gaba ta wannan mujalla.